Wa Ke Zaɓar Waƙar Suwidin?

A shekarar 1973, wasu mawaƙa huɗu, waɗanda duniya ta sani daga baya da sunan ABBA, sun shiga gasar Melodifestivalen da waƙarsu "Ring Ring". Tun 1959 Suwidin ke amfani da wannan gasa wajen fitar da waƙar da za ta wakilce ta a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai. Alƙalan wannan shekara masana kiɗa ne, sai suka ajiye waƙar a matsayi na uku. Jama'a kuwa suka yi ta rububin sayen faifanta.

Da shekara ta zagayo, aka miƙa alƙalanci ga mutanen gari daga sassan ƙasar. Suka zaɓi "Waterloo" ta ABBA, ita ce kuma ta kawo wa Suwidin nasararta ta farko a birnin Brighton na Ingila a 1974.

A 2002 gidan talabijin na SVT ya raba gasar zuwa zagaye-zagaye a birane daban-daban, masu kallo suna kaɗa ƙuri'a ta waya. A yau rabin makin zagayen ƙarshe na hannun alƙalan ƙasashen waje ne, rabi na hannun jama'a.

Har yanzu ɓangarorin biyu kan saɓa. A 2025 alƙalai sun fifita Måns Zelmerlöw, gwarzon Eurovision na 2015, amma ƙuri'ar jama'a ta rinjaya, aka tura KAJ, 'yan Finland uku masu waƙar barkwanci kan wankan tururi. Sun zo na huɗu a Basel.