Kiwon ƙaramar kififiya a gida: haske, ɗumi da haɗarin da ke cikin taɓa ta

A shekarar 1975 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta haramta sayar da duk kunkuru ko kififiyar da tsawon ƙoƙon bayanta bai kai inci 4 ba, kimanin santimita 10 ke nan. Dalilin haramcin shi ne ƙwayar cutar salmonella da waɗannan ƙananan halittu ke yaɗa wa yara. Dokar tana aiki har yau, sai dai ba ta hana fitar da su waje ba, don haka gonakin jihar Luwiziyana suka ci gaba da tura 'ya'yan kififiya zuwa kasuwannin duniya. Duk wanda ke shirin sayen ɗaya ya kamata ya san abin da zai kai gida.

Wace irin kififiya ce?

Wadda aka fi sayarwa ita ce mai jan kunne, da ake gane ta da jan zane a bayan kowane ido. Asalinta yankin Kogin Misisipi ne. Ana ƙyanƙyashe ta ba ta kai tafin hannun jariri ba, amma macen takan girma har kusan santimita 30, kuma idan ta samu kulawa tana rayuwa shekara 20 zuwa 30. Ƙaramin kwanon robar da ake sayar da ita a ciki ba zai riƙe ta ba. Masu kiwo kan ware kimanin lita 40 ta ruwa ga kowane inci ɗaya na tsawon bayanta, tare da na'urar tace ruwa da busasshen dandamalin da za ta riƙa hawa.

Haske

Kififiya na buƙatar nau'in hasken rana da ake kira UVB. Da shi fatarta ke samar da bitamin D3, wanda ke ba jiki damar amfani da sinadarin kalsiyam wajen gina ƙashi. Idan ta rasa shi, ƙoƙon bayanta ya yi laushi, ƙafafu su raunana, muƙamuƙi ya karkace.

Hasken UVB ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye tanki a bakin taga ba ya wadatarwa. Ƙwan fitila na ɗaki ma ba ya fitar da shi. Sai an sayi na musamman, a rataye shi a saman dandamali, a kunna awa 10 zuwa 12 a kullum, a kashe da dare. Ƙarfinsa na raguwa tun yana ci, shi ya sa ake sauya shi duk bayan wata 6 zuwa 12.

Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, rana ce mafita. A fitar da ita da hantsi a buɗaɗɗen mazubi mai ruwa da gefen inuwa, a kuma tsare ta daga kyanwa da shaho. Kada a bar ta cikin akwatin gilashi a rana, domin zafi kan taru a ciki ya kashe ta.

Ɗumi

Jikin kififiya ba ya samar da ɗumin kansa. Daga muhalli take samun zafin da take narkar da abinci da shi, take kuma yaƙar cuta. Ana so ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, dandamali kuma ya kai 32 zuwa 35, domin ta hau ta bushe, ta sauka idan zafi ya ishe ta. A sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya a ruwa ɗaya a dandamali, kada a dogara da tsoma yatsa.

A hunturu, sanyin dare a garuruwa irin su Kano da Jos kan sauka ƙasa da digiri 15. A lokacin ne ake buƙatar hitar ruwa mai murfin kariya. Kififiyar da sanyi ya kama takan daina cin abinci. Idan kuma aka ga kumfa a hancinta, ko kumburin ido, ko tana iyo a karkace, alamun ciwon huhu ne, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.

Taɓa ta

Lafiyayyiyar kififiya ma tana iya ɗauke da salmonella a kashinta, daga nan ƙwayar ta bazu a jikinta da ruwan tanki. Alamun cutar a jikin mutum, wato gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki, kan bayyana daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan kamuwa. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar kada a ajiye ta a gidan da akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko dattijo mai shekara 65 zuwa sama, ko mai raunin garkuwar jiki. Ƙanƙantarta ce ke ƙara haɗarin, domin yaro na iya sumbatar ta ko ya cusa ta a baki.

A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan an taɓa ta ko ruwanta, musamman a gidan da ake cin abinci da hannu a kwano ɗaya. Kada a wanke tanki a madafi ko inda ake wanke-wanke. A ware masa bokiti da soso. In za a ɗauke ta, a riƙe gefen ƙoƙon da hannu biyu kusa da ƙasa. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai da ke haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, faɗuwa ɗaya na iya tsaga shi.

Idan kiwon ya gagara

Kada a sake ta a rafi ko kududdufi. Mai jan kunne na ƙwace abinci da wurin shan rana daga kififiyoyin da ta tarar. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da ita a 1997, sannan a 2016 ta haramta sayar da ita da hayayyafa ta. Wanda ba shi da tabbacin wuta, wuri da haƙurin shekara 20, gara ya bar ta a shago. Rigakafi ya fi magani.