Basir da Abin da Yake Ɓoyewa: Tarihin Maganin Ciwon Dubura a Yankin Dangora

Tun kafin asibitin zamani ya iso ƙasar Hausa, ciwon dubura yana da gurbinsa a cikin ilimin magunguna na malamai, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya keɓe wani ɗan littafi na Larabci ga magungunan basir a cikin rubuce-rubucensa na likitanci. A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wannan ilimi ya fi zama a hannun wanzamai da masu magani da mafarauta, waɗanda suke shiga dajin Falgore su ɗebo saiwa da sassaƙe, su haɗa jiƙo ko tsimi, su kuma umarci mai ciwo ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi da aka dafa da bagaruwa. Sun rarrabe basir mai tsiro da mai jini da na ciki, sun ware ɗankanoma ga yara, sun kuma danganta ciwon da yawan maiƙo da zaƙi da dogon zama da taurin bayan gida.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a wannan sana'a shi ne yadda ake gane ciwon, domin mai magani ba ya duba wurin da ido, sai dai ya saurari bayani. Kunya ta sa magidanci yakan kewaya zance, ya ce yana fama da “matsalar zama” ko yana “ganin jini”, wani lokaci ma aboki ko ƙane yake turawa ya karɓo masa ƙulli, mai magani kuma ya miƙa ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba. Tsarin ya daɗe ne saboda sau da yawa yana biyan buƙata: basir na haƙiƙa, wato kumburin jijiyoyin jini a bakin dubura, yakan tashi ya lafa da kansa, kuma ruwan ɗumi da sassauta abinci suna rage raɗaɗinsa.

Hanyoyin sufuri ne suka mayar da wannan ilimi na gida hajar kasuwa. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa wannan yanki, daga baya kuma Kwanar Dangora ta zama mararraba inda hanyar Tudun Wada da Doguwa, mai zarcewa Saminaka da Jos, take rabuwa da babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Inda direbobi da fatake suke yada zango, nan mai magani yake baza kolinsa, kuma da lasifika ta shigo sai ga motoci ɗauke da jarkoki suna bin kasuwannin mako suna shela. A bakin waɗannan masu talla basir ya faɗaɗa har ya haɗiye ciwon baya da kasala da raunin mazakuta, ta yadda kusan kowane namiji zai ji an taɓo abin da ke damunsa. Wannan faɗaɗawa ita ce ɓarnar da ta fi girma, domin ta koya wa mutane cewa jini ko tsiro a dubura abu ne da kowa yake da shi, wanda bai kai a je asibiti ba. Manyan asibitocin kuwa suna nesa: na birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, sai na Shika kusa da Zariya inda aka daɗe ana zuwa gashin ciwon daji.

A cikin abubuwan da ake kira basir akwai sankarar dubura, wadda alamunta na farko, wato jini da ƙaiƙayi da zafi da ɗan kumburi, ba su da bambanci da na basir a kunnen mai sauraro. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan sankara ƙwayar cutar HPV ce take haddasa ta, ita ce kuma mai haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa. Yawancin mutane garkuwar jikinsu tana kawar da ƙwayar ba tare da sun sani ba, amma inda garkuwar ta yi rauni ƙwayar takan zauna shekaru tana sauya ƙwayoyin fatar wurin a hankali. Shi ya sa zuwan cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Najeriya a 1986, ya sauya lissafi, kuma da magungunan rage kaifinta suka wadatu bayan 2002 mutane suka riƙa yin tsawon rai, sai ya zama suna kaiwa shekarun da sankarar take bayyana.

Likitoci a Amurka sun aro dabarar gwajin bakin mahaifa, inda ake shafo ƙwayoyin fata da ɗan tsinke mai auduga a duba su da madubin likita, suka yi amfani da ita a dubura. Wani babban bincike mai suna ANCHOR, wanda aka buga sakamakonsa a 2022 bayan an bibiyi mutane sama da 4,000 masu ɗauke da ƙanjamau, ya nuna cewa kawar da sauyin fatar tun bai rikiɗe ba yana rage aukuwar sankarar da kashi 57 cikin 100. A kan haka ƙa'idojin ƙwararru na 2024 suka ba da shawarar fara gwaji daga shekara 35 ga maza masu ƙanjamau da suke saduwa da maza, daga shekara 45 kuma ga sauran masu ɗauke da cutar, sannan aka haɗa da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa, saboda magungunan da suke sha suna danne garkuwar jiki.

A nan tsohuwar kunya ta haɗu da tsoro. Dokar shari'a da Kano ta ɗauka a 2000 ta haramta saduwar jinsi guda, dokar tarayya ta 2014 kuma ta haramta auren jinsi guda, saboda haka namijin da ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda ba zai taɓa faɗa wa ma'aikacin lafiya halinsa ba, musamman a garin da ma'aikacin ya san mahaifinsa da surukansa. Sai dai duba lafiyar mutum ba ya buƙatar ya tona asirin kansa, tunda kasancewarsa mai karɓar maganin ƙanjamau kaɗai ta isa dalili, kuma gwaji mafi sauƙi, wanda likita yake sa safar hannu ya laluba wurin da yatsa don ya ji ko akwai tauri ko ƙari, ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki, ana iya yin sa a Tudun Wada kamar yadda ake yi a Kano. Sankarar da aka gano da wuri tana warkewa a mafi yawan lokuta ta hanyar haɗa gashi da magungunan ciwon daji, dabarar da likita Norman Nigro ya gabatar a 1974, ba tare da an cire duburar ba. Allurar rigakafin HPV kuwa, wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a watan Oktoba na 2023 tare da Kano cikin jihohin farko, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka ware wa, ba a sa yara maza a cikin shirin ba.