Ƙofofin sodiyam: Yadda guba ke kama jijiya, da dalilin da sauro ke bijire wa magani

Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi yana tafiya ne a matsayin ɗan ƙaramin lantarki ta cikin jijiyoyi. A jikin kowace jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su shigar da sinadarin sodiyam, sannan su rufe cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka fayyace wannan tsari a 1952, kuma aikin ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1963.

Mutum da sauran dabbobi masu shayarwa suna da irin waɗannan ƙofofi iri tara, yayin da yawancin ƙwari, ciki har da sauro, suka dogara da ƙwayar gado guda ɗaya wajen samar da nasu.

Hanyoyin da guba ke bi

Wata gubar toshe ƙofar take yi. Misali shi ne tetrodotoksin da ke jikin kifin fugu na Japan, dangin talibambam. Idan ta toshe ƙofa saƙo ba ya wucewa, jiki ya shanye, numfashi ya tsaya, kuma har yau ba a samo makarinta ba.

Wata kuma hana ƙofar rufewa take yi. Haka wani ɓangare na dafin kunama ke aiki: jijiya ta yi ta harba saƙo babu ƙaƙƙautawa, abin da ke jawo raɗaɗi, zufa da rikicewar bugun zuciya. A cikin dafin wasu kunamu akwai sinadaran da ƙofofin ƙwari kaɗai suke kamawa.

Daga DDT zuwa gidan sauro

Magungunan ƙwari da dama ta hanya ta biyu suke bi. Paul Müller na Suwizalan ya gano ƙarfin DDT a kan ƙwari a 1939. Daga baya Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da shi, in ban da yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta. A shekarun 1970 masana a cibiyar bincike ta Rothamsted da ke Ingila suka haɗa parmetirin da deltametirin, bisa kwaikwayon sinadarin furen fairetiram da ake nomawa a Kenya. Rukuninsu, wato fairetiroid, shi ne ake sanya wa gidan sauro.

Maganin ya fi illa ga sauro saboda ƙofofinsa sun fi saurin kamuwa, jikinsa ƙarami ne, hantar mutum kuwa tana wargaza sinadarin da wuri, fatarsa ma ba ta shansa sosai. Amma kifi da kyanwa ba su da wannan kariya yadda ya kamata. Diklobos da aka fi samu a cikin fiya-fiya kuwa wani sashe dabam na jijiya yake kai wa hari, kuma haɗarinsa ga mutum babba ne.

Yadda sauro ya bijire

A 1998 masu bincike suka bayyana wani sauyi a ƙwayar gadon sauron Anofilis na Afirka ta Yamma, wanda ake kira kdr. Sauyin yana canza siffar ƙofar kaɗan, ta yadda magani ba ya kama ta da kyau. An gano makamancinsa a Kenya a 2000. Sauron da ya tsira shi ke hayayyafa, kuma yawan feshin irin wannan magani a gonaki, musamman na auduga, ya ƙara wa lamarin gudu. Wasu sauraye kuma narkar da maganin suke yi a jikinsu kafin ya isa jijiya.

Abin da ke cikin haɗari

Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kashi 68 cikin 100 na nasarar daga gidan sauro ta fito. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da gidan sauro mai haɗe da kulofenafir a wuraren da sauro ya bijire, domin shi hanyar samar da kuzari a jikin sauro yake katsewa, bai dogara da ƙofofin sodiyam ba. Tsohon gidan sauron ma, muddin bai yage ba, yana nan a matsayin shinge. Don haka idan gwamnati ta sanar da rabon gidajen sauro, bayan adadin da aka raba, akwai buƙatar a san irin maganin da ke jikinsu, da kuma ko an gwada shi a kan sauron yankin kafin a saya.