Miyar Afang: Daga Kurmin Kalaba Zuwa Tukunyarki

Yau Kalaba muka nufa, birnin Efik da ya kasance hedikwatar Turawan mulki a Kudancin Nijeriya har zuwa 1906, kafin a koma Ikko. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, manja ne ya zama arzikin wannan gaɓa, kuma shi ne jigon miyar afang har gobe.

Ganyen kuwa, wanda Inyamurai ke kira okazi, mutanen Kamaru kuma eru, ba na lambu ba ne. Yaɗo yake yi a jikin itatuwan kurmi. Tauri gare shi, shi ya sa ake yanka shi siri-siri a daka, a haɗa da ganyen wataliif mai taushi, da ganda, busasshen kifi da ƙananan dodon koɗi. Kada ki ƙara ruwa, wataliif ɗin zai kawo nasa.

To amma fa yawan tsinka, wani lokacin har da tumɓuke saiwa, ya rage shi a dazukanmu. Da yawan wanda kike gani a kasuwa daga Idenau ta Kamaru ake lodinsa a jirgin ruwa zuwa Oron, a Jihar Akwa Ibom.