Jin Ra'ayin Jama'a a Tarukan Kimiyya da Tasirinsa kan Manufofin Gwamnati: Nazarin Misalai Biyu daga Birtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta tuntuɓar jama'a biyu da aka yi a Birtaniya: ta 2003 kan amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, da ta 2012 kan dashen mitokondiriya. An dogara ga rahotannin hukumomin da suka shirya tarukan da kuma nazarin da masana suka yi musu daga baya. Binciken ya gano cewa cikar zaure ba ta nuna ra'ayin ƙasa, kuma lokacin da aka ji ra'ayi ya fi yawan masu ba da shi tasiri.

Gabatarwa

Bayan annobar haukan shanu ta shekarun 1990, yardar 'yan Birtaniya da shawarar masana ta yi rauni. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar na 2000 ya nemi a daina kallon jama'a a matsayin jahilan da za a wayar wa kai kawai, a riƙa zama da su ana jin ta bakinsu. Tun a 1987 Denmark ta fara gwada irin wannan, inda ake zaɓo mutane kaɗan daga cikin gama-gari su yi wa masana tambayoyi, sannan su rubuta matsayarsu.

Muhawarar 2003

Muhawarar da aka sa wa suna GM Nation? ta gudana a watannin Yuni da Yuli na 2003, ƙarƙashin kwamitin da Farfesa Malcolm Grant ya shugabanta. An yi taruka fiye da 600, aka karɓi takardun amsa kusan 37,000. Kashi 54 cikin 100 na masu amsa sun ce sam ba sa son a shuka irin nan a ƙasar.

Sai dai wa ya je tarukan? Wanda ya bar aikinsa ya hau mota don ya yi magana kan irin shuka, galibi da matsayarsa ya baro gida. Masu shirin sun hango haka, shi ya sa suka ware mutum 77 da aka zaɓo ba don sun nuna sha'awa ba, aka raba su rukuni 10, suka zauna sau biyu da tazarar mako biyu. Waɗannan ba su kai mahalarta buɗaɗɗun taruka zafi ba, ko da yake damuwarsu ta ƙaru bayan sun yi bincike da kansu. Nazarin da Nick Pidgeon da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya nuna cewa jama'a da yawa suna tsaka-tsaki ne, suna ganin amfani suna kuma jin tsoro.

Babbar matsalar ita ce ta lokaci. Sakamakon gwajin da aka yi a gonaki bai fito ba sai Oktoba, bayan an rufe muhawara. Wato an sa mutane yanke hukunci kafin shaidu su iso. A Maris na 2004 gwamnati ta amince da noman wani nau'in masara bisa sharuɗɗa, abin da ya sa da yawa suka ga kamar an tara su ne don cika ƙa'ida. Kamfanin Bayer, mai irin, shi ne da kansa ya janye shi cikin makonni.

Tuntuɓar 2012

Mitokondiriya ƙananan sassa ne a cikin ƙwayar halitta masu samar da kuzari, kuma daga uwa ake gadonsu. Dabarar maye gurbin masu lahani da na wata mace ita ce jaridu suka laƙaba wa "jariri mai iyaye uku". Hukumar HFEA mai kula da haihuwa ta hanyar dashe ta yi amfani da hanyoyi daban-daban: buɗaɗɗun taruka a Landan da Mancesta, zaman nazari da zaɓaɓɓun mutane, ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙasa, da zama da iyalan da cutar mitokondiriya ta shafa. A takardun da kowa ke iya cikewa, masu adawa sun ɗan fi yawa. A sauran hanyoyin, goyon baya ya rinjaya. Hukumar ba ta cuɗe sakamakon wuri guda ba, ta bayyana kowanne da inda ya fito. Ta miƙa shawararta a Maris na 2013, tun kafin a rubuta ƙa'idoji, kuma a Fabrairu na 2015 Majalisar Wakilai ta amince da ƙa'idojin da ƙuri'a 382 a kan 128.

Tattaunawa

Ba a cewa buɗaɗɗen taro ba shi da amfani. A nan ne ake jin hujjojin da takardar tambayoyi ba ta kamawa, kamar tsoron manomi kada ya koma sayen iri kowace damina daga hannun kamfani. Amma tattara hujjoji daban, ƙidaya ra'ayi daban, kuma kuskure ne a ɗauki adadin hannuwan da aka ɗaga a zaure a kira shi muryar ƙasa. Batun ya shafi Nijeriya, inda aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayoyin gado, a 2019 daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, kuma har yanzu ana taƙaddama kan irin wannan iri. Duk hukumar da za ta tara jama'a, ta fara faɗa musu abin da bai riga ya yanku ba, sannan ta dawo ta bayyana a rubuce abin da ta ɗauka daga bakinsu da abin da ta bari, da dalili.