Wasan Taubasai Saboda Iyayen da Suka Manta

A Mpape, idan tsohuwa ta fita sayen goro ta kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne, mai baƙin baki kuma ya ce maita. Likitoci suna da suna ga mafi yawan irin wannan larura: cutar Alzheimer, mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har uba ya dubi 'yarsa ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Ita ce ta kama Joe Allen, tsohon ɗan majalisar jihar Teksas a Amurka. A 2005 'yarsa Sara Allen Abbott da ƙawayenta suka shirya wasan ƙwallon Amurka na mata zalla a birnin Washinton, don tara wa ƙungiyar Alzheimer's Association kuɗi. Ba irin na ture da kayarwa ba ne. Kowace 'yar wasa tana ɗaura ƙyalle a ƙugu, wadda aka fizge nata tana riƙe da ƙwallo, to nan gudunta ya tsaya.

Dabararsu, a ganina, tana wajen rabon ɓangarori. Amurkawa sun daɗe suna tsokanar juna tsakanin mata masu gashi ruwan zinariya da masu duhun gashi, kamar dai Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari. Sai su Sara suka mai da tsokanar gasa, suka raɗa mata Blondes vs. Brunettes. Kafin ranar wasa kowace sai ta bi dangi da abokan aiki neman gudummawa, kuma babu ɓangaren da zai yarda taubashi ya fi shi tarawa. Mutumin da zai kawar da kai daga akwatin taimako, sai ga shi yana zaro kuɗi don kada a yi wa nasa dariya.

Houston ta ɗauka a 2006, Dallas a 2008, daga nan birane suka yi ta kwaikwaya. Daga baya aka koma kiran gasar RivALZ, kowane gari ya zaɓi adawar da ta dace da shi, ba dole sai launin gashi ba.

Wasan ƙyallen kansa ya girma, zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Matan Nijeriya ma sun iya shi, su suka ɗauko kofin Afirka a Alƙahira a 2025.