Tarihin Makro: Yadda Kwamfuta Ta Karɓi Aikin Kwafe Bayanai

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau tarihin makro zan kawo muku. Makro jerin umarni ne da kake koya wa manhaja irin Excel sau ɗaya, daga nan duk lokacin da ka danna maɓalli sai ta maimaita. Cikin ayyukan da aka fi ba shi akwai kwashe bayanai daga wannan shafi zuwa wancan. Misali, malami yana da sakamakon kowane aji a shafinsa daban, yana son ya tara su wuri guda. Ko dai ya kwana yana kwafa yana mannawa, ko kuma makro ya yi masa kafin shayinsa ya huce.

To daga ina abin ya faro?

A 1978, wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, Dan Bricklin, ya gaji da lissafin takarda, inda in lamba ɗaya ta canja sai an goge duk abin da ya rataya a kanta. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, a kan kwamfutar Apple II. Ka canja lamba a gida ɗaya, sauran gidajen su gyara kansu. Lissafi ya samu sauƙi, amma shigar da bayanai da kwafe su na nan a wuyan mutum.

A watan Janairun 1983 sai ga Lotus 1-2-3, aikin Mitch Kapor da Jonathan Sachs, a kan kwamfutar IBM. Ita ce ta yaɗa makro a ofisoshi. Yadda ake yin sa a lokacin zai ba ku dariya: maɓallan da za ka danna da hannu su za ka rubuta a jere cikin wani gida na shafin. /C na nufin kwafa, alamar ~ kuma na nufin Enter. Sai ka raɗa wa gidan suna da harafi ɗaya, in ka haɗa Alt da harafin nan, manhajar ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya kamar yatsunka ne. Akawun da bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba ya wayi gari yana rubuta umarni.

Microsoft ta fitar da Excel a 1985 a kan Macintosh, sannan a kan Windows a 1987. Shekarar da ta fi shafar zancenmu ita ce 1993, lokacin da Excel 5.0 ta fito da abu biyu tare: fayil ɗaya mai ɗauke da shafuka da yawa, da kuma yaren VBA na rubuta makro. Ka kunna na'urar naɗa, ka yi aikin sau ɗaya da hannunka, ita kuma ta rubuta umarnin a madadinka. Har gobe haka ake yi.

Amma abin da zai iya kwafe bayanai zai iya kwafe kansa. A 1996 aka gano Laroux, ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓuya cikin makron Excel tana bin fayil zuwa fayil. A Maris ɗin 1999 Melissa ta bi ta makron Word, tana tura kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel ɗin wanda ya buɗe ta. Tun daga Office 2007 aka raba fayil mai makro da marar shi, wato xlsm da xlsx, kuma a 2022 Microsoft ta fara toshe makron fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Saboda haka in ka ga gargaɗi a saman fayil ɗin da baƙo ya turo maka, kada ka yi gaggawar dannawa.

Yanzu bari in ba ku labari biyu, don ku ga ba wasa ba ne.

Na farko, bankin JPMorgan. A 2012 ofishinsa na Landan ya tafka asarar sama da dala biliyan 6 a cinikin kasada. Rahoton binciken da bankin ya fitar a Janairun 2013 ya nuna cewa ma'aunin haɗarin cinikin a shafukan Excel yake, kuma da hannu ake kwafe lambobi daga wani shafi zuwa wani. A wuri ɗaya ma an raba lamba da jimilla maimakon matsakaici, sai haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. Ba shafin ne ya ci kuɗin ba, amma ya taimaka wajen rufe wa mutane ido.

Wani zai ce, ai da sun bar wa na'ura kwafen da an huta. To saurari na biyu.

A Oktoban 2020, ana tsakiyar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙididdiga ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Dalili? Tsari mai sarrafa kansa ne ke kwaso sakamakon ɗakunan gwaji yana zubawa cikin tsohon samfurin fayil ɗin Excel, wato xls, wanda layi 65,536 kawai yake ɗauka, alhali sabon samfurin na ɗaukar 1,048,576. Da fayil ya cika, ragowar sai su zube a waje shiru. Aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba.

Kun ga, a banki hannu ne ya kwafa aka samu matsala, a hukumar lafiya kuma na'ura ce ta kwafa aka samu matsala. Abin da ya haɗa su shi ne ba a tsaya an gwada abin da ya fita da abin da ya shiga ba.

Wannan tarkon yana nan cikin ƙaramin makron da za ka naɗa gobe. In ka zaɓi layi na 2 zuwa na 50 lokacin naɗawa, iyakar abin da zai riƙa kwafewa ke nan. Wata mai zuwa layukanka su kai 80, ya ɗauki nasa ya bar 30, kuma ba zai ce maka uffan ba. Makro ɗan aike ne mai ladabi: ba ya gajiya, ba ya musu, ba ya kuma tambaya.

Shawarata uku ce. Ka sa makron ya nemo layin ƙarshe da kansa maimakon ka ba shi lamba. Ka sa ya ƙirga layuka kafin kwafe da bayansa, in ba su yi daidai ba ya sanar da kai. Sannan ka ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka kunna shi, domin galibi Ctrl da Z ba sa dawo da abin da makro ya goge.

A nan za mu dakata. Wanda ke da aikin kwafen da ke cinye masa lokaci kowane wata, ya faɗa mana a ƙasa mu ga ko makro zai iya ɗauke masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.